Me ya sa ƙarfin sufakafasita ke sauka bayan an yi mata cajin gaggawa?

Mai Sola, Sabon Gari:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da injiniyoyin wannan zaure, ina da tambayar da ta kwana biyu tana cin raina, kuma ina fatan a yi mini bayani dalla-dalla, domin ni mai aikin hannu ne, ban yi zurfi a karatun kimiyya ba.

Sana'ata haɗa sola da gyaran inbata. A watan jiya na sayo wani ƙunshi na sufakafasita, wato na'urar ajiye wuta mai saurin ɗaukar caji, guda shida da aka jera a allo ɗaya, kowace ɗaya an rubuta mata farad 500 (farad shi ne ma'aunin yawan cajin da take iya riƙewa) da bolt 2.7, wato idan aka haɗa su sun ɗan haura bolt 16. Niyyata ita ce in jingina su da batir, saboda na daɗe ina ganin yadda tashin firiza da na famfon rijiyar burtsatse ke fizgar wuta da ƙarfi a daƙiƙun farko, har batiran mutane su gaji kafin lokacinsu.

Ga abin da na gani. Idan na yi mata caji da amfiya 20, cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu mita take nuna bolt 16. Amma da zarar na cire waya, ba tare da na ɗora mata ko ƙwan fitila ɗaya ba, sai lambar ta ɗan faɗo nan take, sannan ta ci gaba da sauka a hankali har ta kusa 15 cikin minti goma, daga nan kuma saukar ta yi sanyi. Idan kuwa na yi mata caji a hankali da amfiya 2, na kuma bar ta a kan bolt 16 na rabin awa, to takan riƙe ƙarfinta sosai. Ina cajin nan yake tafiya alhali babu abin da ke shan sa? Jabu aka sayar mini, ko kuwa haka halinta yake? Tambaya ta biyu kuma, idan har abu yana cika cikin minti ɗaya, me ya hana a yi watsi da batir gaba ɗaya a koma kansa?

Malamar Kimiyya, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Sola. Bisa yadda ka siffanta lamarin, ban ga alamar jabu ba, kuma cajin bai tafi ko'ina ba. Yana nan a ciki, wuri kawai ya sauya.

Batir yana ajiye wuta ne ta hanyar sauya sinadarai, kamar yadda darmar da ke cikin batirin mota ke rikiɗewa zuwa wani sinadari idan ana shan wuta, ta kuma dawo idan an yi caji, kuma wannan rikiɗa tana cin lokaci. Ita sufakafasita ba ta rikiɗa komai. A cikinta akwai fallayen alminiyom biyu da aka shafe da gawayi na musamman, an raba su da wata siririyar takarda, an kuma jiƙa su da ruwan sinadari mai ɗauke da gishiri narkakke. Gishirin nan idan ya narke yakan rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji da ake kira ayon, wasu masu alamar tarawa, wasu masu alamar ɗebewa. Idan ka ba ta wuta, kowane falle yakan jawo ayon ɗin da ke kishiyar cajinsa, su zo su yi sahu a fuskar gawayin, tazarar da ke tsakani ba ta kai nanomita ɗaya ba, nanomita kuwa shi ne mita ɗaya da aka raba gida biliyan. Wannan sahu biyu na caji, ɗaya a jikin gawayi ɗaya a cikin ruwa, masanin Jamus Hermann von Helmholtz ne ya fara bayyana shi tun a 1853.

Abin da ya sa ta fi kafasitar da ka saba gani a cikin inbata nesa ba kusa ba shi ne faɗin fuskar gawayin. Gawayin da ake amfani da shi, wanda galibi daga ɓawon kwakwa ake yin sa, cike yake da ramuka ƙanana, ta yadda giram ɗaya kan ƙunshi fili mai faɗin murabba'in mita 1,000 zuwa 2,000. Giram biyar ke nan ya kai filin ƙwallon ƙafa. Sai dai filin nan ba a shimfiɗe yake ba, a naɗe yake cikin ramuka masu zurfi da rassa, kuma dole ayon ya bi su da ƙafarsa, in ji masu iya magana, kafin ya isa wurin zamansa.

Ka tuna yadda masu noman rani a bakin Galma ke ban ruwa. Idan aka kunna injin da ƙarfi, fangalin da ke bakin magudana ne ke fara cika har ya tumbatsa, alhali na can ƙurya bai ko jiƙa ba. Wanda ya tsaya a bakin magudana zai rantse gona ta sha ruwa. Da an kashe injin, ruwan da ya taru a gaba zai ci gaba da gangarawa ciki, sai ka ga na bakin ya ragu, ba domin ya ɓace ba sai domin ya bazu. Mitarka a bakin magudana take tsaye. Cajin gaggawa yana cika bakin ramuka ne, mita ta nuna 16, sannan bayan ka cire waya cajin ya rarrabu zuwa zurfin da bai kai ba. Robert de Levie ya fitar da lissafin wannan a 1963, inda ya ɗauki kowane rami a matsayin doguwar sarƙa ta turjiya, wato abin da ke tauye gudun wuta, da ƙananan kafasitoci, kowane gaɓa sai ya jira na gabansa. Daga lissafin ne ake gane cewa idan aka ninka kaurin gawayin sau biyu, lokacin cikarsa kan ninka kusan sau huɗu, abin da ya sa masu ƙera ta ba sa shafa shi da kauri.

Saboda haka saukar da ka gani iri uku ce a haɗe. Faɗowar nan take ƙarin bolt ne da turjiyar cikin na'urar ke jawowa lokacin caji, wanda ke ɓacewa da zarar wuta ta daina gudana. Saukar mintuna goma ita ce rarrabuwar caji. Saukar da ke ɗaukar kwanaki kuwa yoyo ne na gaske, wanda kowace sufakafasita ke yi fiye da batir. Ka gwada abu biyu. Bayan ta sauka, ka sake kai ta 16, za ka ga saukar ta biyu ba ta kai ta farko ba. Sannan ka shanye ta da sauri da kaya mai nauyi ka cire, za ka ga ƙarfinta yana hawa da kansa, domin cajin da ke ƙurya yana fitowa bakin ramuka.

Tsohon Injiniya, Tudun Wada:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Ƙari ɗaya zan yi a kan faɗowar nan take: kada a ɗora wa ramukan gawayi dukkan laifin. A amfiya 20, siririyar waya ko kilif mai tsatsa kan cinye wani ɓangare na bolt, saboda haka ɗana Mai Sola, ka ɗora mitarka a kan ƙafafun allon kai tsaye, ba a bakin caja ba.

Tambayarka ta biyu lissafi ne ke amsa ta. Kafasita shida masu farad 500 a jere sun zama farad 83 ke nan. Makamashin da ke ciki shi ne rabin farad ɗin sau bolt sau bolt, wanda ya ba da jul 10,600 da ɗoriya (jul ma'aunin makamashi ne), wato kusan awa-wat 3, abin da zai kunna ƙwan fitila mai wat 3 na awa ɗaya. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da awa-wat 2,400. Sai ka tara allo irin naka kusan 800 kafin ka kamo batir ɗaya. Ba ma nan ta tsaya ba, domin ƙarfin sufakafasita yana sauka ne daidai da yadda ake shan ta, kuma idan bolt ya sauka zuwa rabi, kashi uku cikin huɗu na makamashin ya riga ya fita. Inbata kuwa takan yanke a wajen bolt 10.5, don haka tsakanin 14.4 da 10.5 abin da za ka amfana da shi ya ɗan haura awa-wat 1 kawai. A ma'aunin nauyi, sufakafasitar kasuwa na riƙe wajen awa-wat 5 a kowane kilo, batirin litiyom kuma 150 zuwa 250.

Wannan ba aibi ba ne, aikinsu ne ya bambanta. Tun da Howard Becker na kamfanin General Electric ya yi rajistar ƙirar farko a 1957, har kamfanin NEC na Japan ya shigo da ita kasuwa a 1978 domin riƙe wa na'urori ƙwaƙwalwarsu idan wuta ta ɗauke, ba a taɓa nufin ta da dogon ajiya ba. Ƙarfinta shi ne ba da wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, da jure caji da sauke caji sau dubu ɗaruruwa har zuwa miliyan. Motocin bas da suka fara aiki da ita a birnin Shanghai a 2006 a tashoshi suke ɗan shan wuta yayin da fasinja ke hawa, su kama hanya zuwa tasha ta gaba. Niyyarka ta tallafa wa batir a lokacin tashin famfo ta dace da halinta.

Amma ka kiyaye. Kada ka taɓa jona ta da batir tana fanko, domin za ta fizgi wuta kamar an haɗa ja da baƙi, waya ta narke ko batir ya illata. Ka fara cika ta ta cikin ƙwan fitilar mota har ƙarfinsu ya daidaita, ka kuma sa fis. Ka duba cewa allon yana da da'irar da ke daidaita kafasitocin shida, domin idan ɗaya ta wuce bolt 2.7 ruwan cikinta zai fara lalacewa yana fitar da iska, kuma wannan da'ira ita ma tana ɗan shan caji, wanda ka iya zama wani ɓangare na saukar da kake gani. Sai zafi. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage tsawon rayuwarta da kusan rabi, kuma kai ka san yadda ɗakin inbata mai rufin kwano yake a Maris da Afrilu a garin nan.

Mai Sola, Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Malama da Baba Injiniya. Na yi gwajin biyu jiya da dare kuma haka abin ya kasance, har ma da na ga lambar tana hawa da kanta bayan na shanye ta sai da na kira yaran shago suka gani. Na kuma sauya kilif, faɗowar farko ta ragu. Yanzu abin da ya rage mini shi ne wannan: idan ƙuncin ramuka ne ke jawo jinkiri, me ya hana masu ƙerawa su faɗaɗa ramukan kowa ya huta?

Ɗalibin Digiri na Biyu, Palladan:

Yaya Mai Sola, tambayar nan taka ita ce ainihin abin da nake bincike a kai, domin ina gasa totuwar masara da sinadarin KOH, wato potasiyom haidiroksaid, a zafin digiri 700 zuwa 800 ina neman gawayin da zai dace da wannan aiki. Da izinin Malama zan faɗi abin da na fahimta, in na yi kuskure a gyara mini.

Masana sun kasa ramukan gida uku: ƙanana su ne waɗanda faɗinsu bai kai nanomita 2 ba, matsakaita daga 2 zuwa 50, manya kuma sama da 50. Idan aka faɗaɗa ramuka ayon zai yi saurin wucewa, amma fili zai ragu, domin rami mai faɗi yawancinsa sarari ne da ruwa ya cika, bangonsa kaɗai ke ajiye caji. Shekaru da yawa ma an ɗauka cewa ramin da bai kai nanomita ɗaya ba ba shi da amfani, saboda ayon a cikin ruwa ba tsirara yake yawo ba, ƙwayoyin ruwan sinadarin kan lulluɓe shi kamar mayafi. Alal misali, ayon mai alamar tarawa na gishirin da aka fi amfani da shi a kasuwa faɗinsa wajen nanomita 0.7 ne, amma da mayafinsa yakan kai 1.3.

A 2006 ne John Chmiola da Yury Gogotsi na Jami'ar Drexel a Amurka, tare da Patrice Simon na Tulus a Faransa, suka wallafa a mujallar Science abin da ya rushe wannan zato. Sun yi gawayi daga sinadarin titaniyom kabaid, wanda ake iya sarrafa faɗin ramukansa, sai suka ga cewa a ƙasa da nanomita ɗaya cajin da kowane yanki na fili ke riƙewa ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Bayanin shi ne ayon yana tuɓe wani ɓangare na mayafinsa a bakin rami ya kutsa, kuma da yake ya matso kusa da bango sosai, sai ajiyar ta ƙaru. Bayan shekara biyu suka nuna cewa ajiyar ta fi yawa idan faɗin rami ya yi daidai da girman ayon ɗin. Wato ramin da ya fi ajiya shi ne kuma ya fi matsi, kuma a nan ne wahalar take.

Duk wanda ya taɓa shiga lungunan cikin birni ranar hawan Sallah ya san abin da ke faruwa idan masu shiga da masu fita suka haɗu a lungun da mutum biyu ba sa iya gittawa. Ramukan nan ba fanko suke ba kafin caji, tuni ayon iri biyu ke zaune a ciki. Rukunin Clare Grey na Jami'ar Kambirij, ta hanyar na'urar maganaɗisu da ke iya leƙa cikin gawayin yayin da ake caji, sun nuna cewa caji na iya faruwa ta hanya uku: ko ayon ɗin da ake buƙata ya shigo, ko wanda ba a buƙata ya fita, ko su yi musayar wuri, kuma fallen tarawa da na ɗebewa ba lallai su bi hanya ɗaya ba. Sun kuma auna cewa tafiyar ayon a cikin ƙananan ramuka ta fi tafiyarsa a sararin ruwa jinkiri fiye da sau ɗari.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin kwamfuta da Svyatoslav Kondrat da abokan aikinsa suka yi. Idan aka banka wa siririn rami cikakken bolt lokaci guda, ayon masu shigowa kan cunkushe bakin ramin, su kulle waɗanda ya kamata su fita a can ƙurya, sai cajin ya tsaya cik yana jiran su sulale ɗaya bayan ɗaya. A 2018 suka nuna cewa idan aka ɗaga bolt ɗin a hankali, masu fita kan sami hanya, cajin kuma ya kammala da wuri fiye da na bankawa. Tun a 2014 ma, tare da Alexei Kornyshev na Landan, sun nuna cewa ramin da bangonsa ba ya jan ayon, wanda yake kusan fanko kafin caji, ya fi saurin cika. Shi ya sa a ganina mafita ba faɗaɗa dukkan ramuka ba ce, tsari ne irin na gari: manyan tituna da ke kai ruwa ciki, matsakaita da ke rarraba shi, da gajerun lunguna inda ake ajiyar, yadda babu ayon ɗin da zai yi doguwar tafiya a cikin matsi.

Malamar Kimiyya, Samaru:

Ka yi ƙoƙari, ɗalibi, kuma ban ga abin gyara a tarihin da ka kawo ba. Tsokaci biyu kawai nake da su.

Na farko, sakamakon 2018 daga lissafin kwamfuta ya fito, a kan ramuka madaidaita masu kama da tsaga, cike da gishirin da yake ruwa da kansa ba tare da an narka shi ba. Gawayin totuwarka ba haka yake ba, ramukansa a karkace suke, a haɗe da juna, don haka kada a ɗauki wancan bayani a ce shi ne dalilin abin da Malam Mai Sola ya gani a shagonsa. Nasa dai rarrabuwar caji ce irin ta de Levie. Ka kuma san cewa batun faɗin rami bai rufe ba, domin a 2024 rukunin Alexander Forse, shi ma a Kambirij, ya gwada gawayin kasuwa iri-iri ya ga cewa yawan ajiyar ya fi bin yadda tsarin gawayin yake a hargitse fiye da yadda yake bin faɗin ramuka. Ina ba ka shawara kada ka tsaya a auna fili da faɗin rami kaɗai, ka riƙa auna ajiyar a saurin caji daban-daban, domin gawayin da ya yi fice a caji mai sanyi yana iya zubar da rabin ƙarfinsa idan aka matsa masa.

Na biyu, mun yi ta maganar hanya mun bar matafiyin. Ruwan da ayon ke iyo a ciki yana da nasa tasiri a kan sauri. Ruwan da aka narka KOH a ciki, sinadarin nan da kake gasa totuwa da shi, ya fi ruwan asitonaitiril na kasuwa saurin ɗaukar ayon kusan sau goma, amma ruwa yakan fara tarwatsewa a wajen bolt 1.23, alhali na kasuwa yana jure 2.7. Da yake makamashi yana tafiya da bolt sau bolt, sauyawa daga bolt 1 zuwa 2.7 ya ninka ajiya fiye da sau bakwai, shi ya sa kamfanoni suka haƙura da ɗan jinkirin. Sanyi kuma yana ƙara wa ruwan kauri, ya rage wa ayon sauri.

Malam Mai Sola, a aikin da ka nufa rarrabuwar cajin ba za ta dame ka ba, domin allon zai zauna a jone da batir dare da rana, ramukansa na ƙurya su cika, tashin famfo kuma na daƙiƙa biyu ko uku daga bakin ramuka yake ɗiba, inda ya fi sauri. Ina roƙonka da abu ɗaya: ka rubuta lambar da mita ta nuna a minti ɗaya, da minti goma, da awa ɗaya bayan cajin amfiya 20, ka yi haka da asuba a tsakiyar hunturu, ka sake yi da azahar a watan Afrilu, sannan ka kawo mana lambobin nan mu kwatanta.